Shekarar da Duhu Ya Ƙare a Teburina

Ƙwal-ƙwal-ƙwalal. Ƙarar da na ji ke nan wata ranar Asabar bayan Azahar, ina tsaye a kicin ina yanka alayyahu. Na san muryar kowane kwano na gidana, wannan kuwa muryar murfin samirata ce, wadda na nannaɗe a cikin zannuwa na ɗauko tun daga Kano, ba na fito da ita sai an yi baƙi. Na bi ƙarar har ɗakin ɗana Abba. Ina tura ƙofa sai ga yara huɗu sun kewaye murfin, suna jefa wasu 'yan abubuwa masu lambobi a ciki.

Na ce, "Innalillahi! Caca? A gidana?"

Abba, lokacin shekararsa goma sha huɗu, ya ce, "Mama, ba caca ba ce, wasa ne. Ga littafinsa ma."

Na ce duk mai caca haka yake cewa. Na kwashe 'ya'yan lidon na ƙulle a bakin zane, na ɗauke littafin, mai kauri kamar bulo, na kai ɗakina. Niyyata in karanta, in gano inda haramcin yake, in nuna wa mahaifinsu da yatsa. Mako uku na yi a kansa da ƙamus a gefe, da ɗan Turancin da na fito da shi daga sakandare. Ban ga inda ake sa kuɗi ba. Na ga wasu abubuwan da ban yarda da su ba, gumaka da bokaye, na ja musu layi, har yau kuma ba sa shigowa teburina. Sauran na kai gaban malamin masallacinmu, ya ce in dai ba kuɗi, ba kuma jinkirta salla, to in sa ido. Shekara tara ke nan ina sa ido. Abin da ban lura ba shi ne, a makonnin nan uku na riga na fi duk yaran ginin sanin dokokin.

Ku 'yan matan ginin nan namu na titin Grand Concourse da kuka roƙe ni in koya muku aikin don ku buɗe wa ƙannenku tebur, ku nake rubuta wa wannan. Na ji ɗayarku a ɗakin wanki tana cewa, "Ai zama kawai Mama take yi tana ba da tatsuniya." Ban yi fushi ba. Ni ma haka nake raina masu ɗinki kafin in taka keke in ɗinke hannun riga da wuyanta.

Ga yadda abin yake, don wadda ba ta taɓa zama ba. Kowane yaro yana da jarumi a rubuce a takarda: sunansa, ƙarfinsa, kayan da ke jakarsa. Alƙali, wato ni, shi ke faɗin duniyar. In ce ga ku a bakin kogo, ga rijiya, ga wani tsoho yana sayar da raƙumi. Yaro ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, ya jefa ɗan lido, lamba ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Littafi yana da doka a kan kusan komai. Inda ya yi shiru, ko inda dokoki biyu suka yi karo, sai duk ido ya dawo kan alƙali. Tatsuniyar ita ce mai sauƙi. Wannan kallon da ake yi miki shi ne sana'ar.

Wata shida na yi ina koyo a hannun Abba, ban kuma taɓa ganin ubangida mai tsanani irinsa ba. A hagunsa yake zaunar da ni, littafi a cinyata, ba ni da izinin magana sai ya ce in buɗe shafi. Da ya fara ba ni gwaji kuwa, bayan yara sun tafi sai ya jero mini laifuffukana. "Mama, kin gaya musu akwai tarko kafin su duba. Mama, kin ba ɓarawo abinci. Mama, don Allah ki daina cewa 'Allah sarki' idan dodo ya mutu." Na ce to shi dodon ba shi da 'ya'ya ne? Ya dafe kai. Ranar da ya bar mini kujera, ina kicin ina suyar ƙosai, na ji yara biyu sun kusa dambe a kan ko mutumin da ke riƙe da garkuwa da fitila zai iya hawa igiya. Ban ko leƙo ba, na ɗaga murya na faɗi lambar shafin. Aka buɗe, sai ga dokar a shafin. Abba ya zo bakin kicin ya ce dama shi ya gaji da alƙalanci, jarumi yake so ya riƙe. Tun daga ranar nake Mama Alƙali.

Asabar ɗina ta farko a kujera na gane cewa kayan aiki ba sai na shago ba. Murfin samira ya zauna, domin in an jefa a tebur 'ya'yan lidon kan gangara ƙarƙashin hita, matar ƙasa, wadda ke zaune a hawan da ke ƙarƙashinmu, kuma ta buga silin da tsintsiya. Na yanka kwalin madara na tsayar a gabana don kada a leƙi takarduna. Taswira kuwa a bayan takardar naɗe kyauta nake zana ta, irin mai gida-gida da ake samu a Fordham Road, kowane gida ƙafa biyar. Jarumai murafun kwalba ne. Ƙananan abokan gaba wake, manya dabino, wanda ya kashe shi ya cinye. Sai agogo, wanda da ya nuna La'asar ake ajiye komai, ko da takobi na sama. Na ƙarshe shi ne littafin hukunci, ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk hukuncin da na yanke a inda doka ta yi shiru, a ciki nake rubutawa, daga nan kuma ya hau kan kowa, har ni. Ku riƙe wannan littafin da kyau. Shi ya tsare mini mutunci shekaru, shi kuma ya kusa rushe mini tebur.

Wata rana wata yarinya ta tsayar da wasa na rabin awa a kan ko jaki yana iya shiga kwalekwale. Rukayya ke nan, 'yar maƙwabciyarmu 'yar Ghana ta hawa na uku, shekararta goma sha biyu a lokacin. Duk tebur yana da irinta, mai karanta doka har bango. Saboda ita na kafa dokar cewa ana iya wasa da kowane yare, amma ɗaukaka ƙara sai da Hausa. Na zaci hakan zai rage gardama. Ina! Yaran da in ka ce su miƙo ludayi sai su kawo maka tawul, cikin wata biyu suka iya cewa "ban gamsu ba" da "ina hujja?" Uwar Rukayya ta tare ni a matakala tana godiya, wai 'yarta ta fara Hausa, sai dai kullum kamar a kotu.

Issa kuwa a shekarata ta uku ya zo. Ɗan Malam Hamidu ne, mutumin Maraɗi mai shagon huluna da turare a Fordham Road. Shekararsa goma, shi ne ƙarami a teburin, da tabarau mai kauri da aka ɗaure da roba ta bayan kai. In ya yi magana sai ka sunkuya. Uwarsa ce ta kawo shi, ta ce mini a ƙofa, a hankali, yaron ba shi da aboki ko ɗaya a makaranta. Ya zaɓi jarumi daga cikin gajerun mutanen da ke zama a ƙarƙashin duwatsu, ya sa masa suna Barde. Su waɗannan, a dokar littafi, ana haifarsu da ganin duhu na ƙafa sittin.

Laifin kwalli nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Jaruman sun taimaki wata tsohuwa a cikin labari, ya kamata ta ba su tukuici. Na duba jerin da ke littafi, daga takobi sai zobe. Na ce wace tsohuwa ce take ajiye takobi? Sai na sa ta ciro tandun kwalli, tunda ko a gida an san kwalli yana gyara ido. Na ce wanda ya sa zai ga ƙafa sittin a duhu. Yara suka sa masa suna kwallin Kaka, suka bar wa Barde, don sauran maza sun ce ba za su yi kwalliya ba. Dama kuma Barden ya tsinci wani tabarau a wani kango, shi ma mai ba da ganin duhu na ƙafa sittin.

Mako biyu bayan nan suka shiga wani dogon kogo, wani maharbi ya laɓe can ciki, ƙafa ɗari da hamsin, yana sako musu kibau. Ba wanda ke ganinsa. Kibiya biyu suka sami Barde, saura ɗaya ya faɗi. Sai Issa ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Mama, idona sittin. Tabarau sittin. Kwalli sittin. Ɗari da tamanin ke nan, ko? Ina ganinsa?"

Rukayya ta riga ni. "Ba ya haɗuwa, Mma! Yana cikin littafi. Ba ya haɗuwa koraa, ko kaɗan!"

Gaskiyarta. Yara suna da kalmarsu ta Turanci a kan wannan, ni dai haɗuwa nake cewa, kuma ita ce tambayar da za ta fi zuwa muku. Dokar ita ce, abubuwa biyu masu aiki iri ɗaya ba a tara su, wanda ya fi ƙarfi ake ɗauka. Makulli uku na ƙofa ɗaya ba sa buɗe ta sau uku. In aikinsu ya bambanta, misali ɗaya na ganin duhu, ɗaya na gano abin da aka ɓoye, to kowanne ya yi nasa, ba ruwan wani da wani. In kuma shi kayan da kansa an rubuta a jikinsa cewa yana ƙari a kan abin da mutum yake da shi, sai a bi wannan. Nan babu ko ɗaya. Sittin ce, sau uku, amsar kuma sittin. Na san wannan kamar yadda na san adadin raka'o'in Magariba.

Amma na kalli yaron. Tabaransa ya yi gumi, ya danne murfin kwalbarsa da yatsa kamar za a ƙwace. Wannan ce tambaya ta farko da ya taɓa yi a teburin. Na ji bakina ya ce, "Kwallin Kaka ba ya cikin littafi. Ya haɗu. Duk sun haɗu."

Barde ya hango maharbi, ya nuna wa sauran, aka ci dabino. Aka ɗaga Issa sama. Rukayya ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi gardama ba, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Littafin hukunci kawai ta turo gabana ta ce, "Mma, rubuta." Ta miƙo mini biro. Na rubuta cewa kayan ganin duhu suna haɗuwa, na sa hannu.

Asabar ta gaba jaruman suka isa kasuwa, ba wanda ya tambayi takobi. Kowa tabarau. Jarumar Rukayya ta jera huɗu a fuska ɗaya. Jarumin Abba ya sayar da dokinsa ya sayi kwalli, ya ci gaba da tafiya a ƙasa. Mazan da suka ce ba za su yi kwalliya ba suka koma neman tsohuwa gari-gari, duk wadda suka gani sai sun ɗaukar mata tulu ko tana so ko ba ta so. Amma da yake Barde da nasa aka haife shi, kuma yaran sun ga ya fi riba a tara wa mutum ɗaya, sai suka dinga loda masa. Kafin azumi ganinsa ya kai ƙafa ɗari shida.

Ku lissafa da kanku, kowane gida ƙafa biyar. Taswirar ta fi ƙarfin tebur. Na dinga liƙa takarda a kan takarda, ta sauka ƙasa, ta bi baranda ta ciki har ƙofar banɗaki. Maigidana, Alhaji, in zai je alwala sai ya tattare riga yana tsallake duwatsu. Wata rana ya taka wani gari, yara suka ce girgizar ƙasa ce, sai da na yi hukunci a kan wannan ma.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Ba faɗa aka yi ba, da faɗa ne da sauƙi. Duhu ne ya ƙare. In na ce, "Kuna tafiya a daji, dare ya yi," sai Issa ya ce, "Mama, me ke gaba?" Dole in faɗa, tunda yana gani. Kura uku bayan dutse, rami a hagu, ɓarayi biyar suna shan shayi. Sai a zagaye. Ba wanda ya ƙara faɗawa tarko, ba wanda ya ƙara ihu. Wasa ya koma Issa yana karanta labarun duniya, sauran suna hamma. Aka fara ciro waya a ƙarƙashin tebur. Abba ya ce yana da ƙwallon kwando ran Asabar. Daga bakwai muka koma uku, dabino yana kwana a faranti.

Na yi dabaru, ba zan ɓoye muku ba, don kada ku ɓata lokacinku a kansu. Na kawo hazo. Na kawo hayaƙi. Na dinga gina koguna masu lanƙwasa kamar hanjin rago don kada ido ya miƙe. Na aiko ɓarawo ya sace tabaran, Barde ya hango shi tun yana ɗaura takalmi a gidansu. Ranar da na sake cewa hazo ya sauko, Rukayya ta ajiye fensir.

"Mma, wata uku ke nan ana hazo. Har cikin rijiya."

"Yanayi ne."

"Mma, hukuncin ne bai yi ba. Ni na so ya haɗu don in ga ƙarshensa, na gani."

"Da bakinki kika ce bargo biyu sun fi ɗaya ɗumi, ranar da kike neman tabarau na huɗu."

"Ke kuma kika ce lema biyu ba sa ƙara tare ruwa, sannan kika ba ni. In ba a gyara ba, bayan Salla ni ma na daina zuwa."

Maganar ta fita daga gida. Wata ranar Laraba Alhaji ya bugo mini daga wurin da direbobi irinsa ke jiran fasinja a filin jirgin JFK. "Hajiya, na gabatar da shari'arki, an rabu gida biyu. Wasu sun ce in ka kunna babbar fitila da ta hazo tare, haske yana ƙaruwa. Wani ɗan Kumasi ya ce lasisi biyu ba ya ba ka izinin ninka gudu. Har wani ya rasa layinsa." Na ce to shi me ya gani. Ya ce shi dai a kwashe masa duwatsu daga hanyar banɗaki.

Wanda ya zo da kansa shi ne Malam Hamidu, don ya ji ana raɗe-raɗin zan janye hukunci. Ashe ya sa an mayar masa da ƙafa ɗari shida zuwa mita, yana gaya wa masu sayen hula cewa ɗansa yana ganin mita ɗari da tamanin a duhu, har wata mata ta nemi sunan likitan. Ya zauna a bakin kujera, hula a gwiwa.

"Bon, to, Hajiya. Magana ta hito bakin babba, ke kinka rubuta da hannunki. Babba ba ya lashe amai gaban yara, in kin yi haka gobe wa zai ji maganarki? Kuma yaron ga bai taɓa zowa gida da labari ba sai yanzu. Abu guda ya fi kowa. Shi za ki karɓe?"

Na ƙara masa shayi. Duk abin da ya faɗa haka muka tashi muka gani. Amma in na bar hukuncin, bayan Salla Issa zai zauna shi kaɗai a teburin yana hangen ƙafa ɗari shida na kujeru babu kowa. In na janye kuma, mai yiwuwa shi ne ba zai dawo ba. Na tuna malamarmu ta Islamiyya tana cewa alƙalin da ya gane ya karkace, komawa ga gaskiya ya fi masa alheri da tsare girma. Ba ta dai faɗi yadda ake yi wa ɗan shekara goma bayani ba.

Asabar ɗin farko bayan Salla na soya fanke cikin babban kwano, na aika wa duk bakwai ɗin cewa wanda bai zo ba, ba za a ajiye masa ba. Suka zo. Malam Hamidu ma ya rufe shago ya zo, wai shi ne lauyan ɗansa. Na ce kafin a fara za mu gwada hukuncin shafi na goma sha ɗaya, wato na haɗuwar kayan gani, a zahiri. Na rangaɗa kwalli a gabansu. Na sa tabarau nawa na karatu. Na ɗora tsohon na tuƙin Alhaji a kai. Na karɓi na Malam Hamidu, na karɓi na Issa mai roba, na ɗaure duka da shi.

Na ce, "Rukayya, bisa hukuncina, yanzu ina nake gani?"

Ta ce, "Mma, ya kamata ki hango Alhaji a filin jirgi."

Na miƙe da butar shayi don in zuba wa baƙo. Falon ya zama kamar an zuba shi a kwalba an girgiza. Na durƙusa na gaida rigar sanyin da ke rataye a ƙofa, na tambaye ta iyali. Na juya, na yi karo da firji, na ba shi haƙuri. Na laluba na sami abin da na tabbata kofi ne, na tsiyaya shayi a tsakiyar babban birnin taswira, wake goma sha biyu suka nutse. Yara suka zube ƙasa. Malam Hamidu ya yi dariya har ya shaƙe, Abba yana bubbuga masa baya, shi kuma Malam yana ɗaga hannu yana cewa, "Wala, wala, shi ke nan, na janye ƙara!"

Cikin hayaniyar sai wata ƙaramar murya ta ce, "Me ya faru?"

Issa ne. Tabaransa yana fuskata. Duk wannan abin da na yi dominsa, bai ga ko ɗaya ba.

Na mayar masa da nasa, na ɗaure sauran da ɗankwali, na sake daga farko. Na sake gaida rigar, na sake neman gafarar firji. Wannan karon a takalmin Abba na zuba shayin, ba kuma da gangan ba. Issa ya yi dariya, amma gajeriya, don yaro ne mai saurin ganewa, ya riga ya san inda aka dosa.

Na cire komai, na zauna, na buɗe littafin hukunci. Na ce, "Yara, na yi kuskure. Na san doka ranar nan, na kauce mata, na kuma ɓata muku wasa shekara guda. Kayan ganin duhu ba sa haɗuwa, wanda ya fi ƙarfi ake ɗauka. Issa, kai na fi zalunta, don na ba ka abin da ba zai zauna ba. Ka yafe mini." Na ja layi a kan rubutun. Ku lura, layi na ja, ban yage shafin ba, yana nan har yau duk mai so ya gani. Tun daga ranar kuma sabon hukunci da fensir nake rubuta shi, sai ya yi Asabar huɗu bai yi ɓarna ba sannan in bi shi da biro.

Issa ya jawo takardar Barde, ya ɗauki abin gogewa, ya goge ɗari shida a hankali, ya hure, ya rubuta sittin. Rukayya, wadda ban taɓa ganin ta yi shiru don wani ba, ta tura masa fanken da ya fi girma. Bai taɓa ba. Ubansa yana ta juya hula a hannu.

Na naɗe taswirar baranda, na shimfiɗa ƙarama a tebur, muka fara. Na kai su bakin wani kogo. Barde ne a gaba, tunda har yanzu shi ke gani ba tare da fitila ba.

Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Me ke gaba?"

Na ce, "Ƙafa sittin na dutse mai laima. Daga nan baƙi ƙirin. Kana jin ruwa yana ɗiga, kana jin wani abu kamar ana jan buhu."

Ba wanda ya ciro waya. Suka matso da kujeru. Barde ya taka gida ɗaya, biyu, uku, Issa yana tura murfin kwalbarsa da ɗan yatsa. A na bakwai na jefa ɗan lido a bayan kwalina, na duba, sannan na ce, "Wani abu mai sanyi ya fito daga ramin da ke ƙasa, ya riƙe maka ƙafa."

Issa ya kurma ihun da ban san yana da shi ba, ya ɗage ƙafafunsa biyu kan kujera. Matar ƙasa ta buga silin. Daidai nan agogo ya nuna La'asar. Yara suka yi ca, Mama minti biyar, Mama minti ɗaya. Na rufe littafi, na ce kowa ya san doka.

Bayan salla suka watse suna gardamar ko maciji ne ko hannu ne. Issa kuwa ya ninke takardar Barde ya sa a aljihu, abin da bai taɓa yi ba, don a wurina ake barin takardu. Ya zauna a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi, ubansa yana jiransa a waje. Ina tsaye da farantin fanke ban san ko in ce sai wani makon ba. Ya miƙe, ya fita, ya yi taku biyu. Sai ya dawo, ya ciro takardar ya miƙo mini, ya gyara tabarau da bayan hannu.

"Mama, abin ga da ya kama mini ƙafa, kar ki gaya mini ko mine ne. Ko na roƙe ki a lifta, kar ki gaya mini. Ni zan gano da kaina ran Asabar."